'Yancin addini da haƙƙin maƙwabci: misalin garin 'yan Metodis na Ocean Grove

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato inda iyaka take tsakanin haƙƙin mabiya wani addini na su tsara zamansu yadda imaninsu ya koyar da su, da haƙƙin mutumin da ba ya cikin addinin nasu amma hanya ko gida ko bakin ruwa ya haɗa shi da su. Ni Musulmi ne, Bahaushe, mazaunin Jihar New Jersey ta Amurka, kuma misalin da zan kawo na Kiristoci ne 'yan ɗarikar Metodis. Da gangan na zaɓe shi, domin mutum ya fi auna magana da adalci idan ba shi ta shafa kai tsaye ba.

Garin da nake nufi sunansa Ocean Grove, yana nan cikin Jihar New Jersey a gaɓar Tekun Atilantika, kimanin tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga birnin New York. Ɗan ƙaramin wuri ne mai mazaunan dindindin wajen 3,000, wani tafki ya kange shi ta arewa, wani ta kudu, teku kuma ta gabas. Tafkin arewan sunan John Wesley aka sa masa, malamin cocin Ingila wanda ya assasa ɗarikar, wanda kuma tun a 1739 ya fara fita fili yana yi wa ma'aikatan haƙar kwal da sauran talakawa wa'azi a kusa da Bristol, saboda yawancinsu ba sa taka ƙofar coci. Mabiyansa na Amurka sun gaji wannan hali na wa'azin fili. Manoma kan ɗora iyalansu a keken doki su nufi daji, su kafa tantuna su yi mako guda ko fiye suna sauraron wa'azi da waƙoƙin yabo daga safe har dare. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wa mutanen birni fita shan iska a bakin teku lokacin zafi, sai dai wuraren hutun da ake da su cike suke da giya da caca, abin da 'yan Metodis ke ƙyama ƙwarai. Shi ya sa a watan Yuli na 1869 wasu malamansu, cikinsu har da William Osborn da Ellwood Stokes, suka zo wannan gaɓa da 'yan iyalai kaɗan suka kafa tantuna suka yi addu'a, da niyyar kafa wurin da mai ibada zai huta ba tare da ya ajiye addininsa a gida ba. A 1870 majalisar dokokin jihar ta ba ƙungiyarsu takardar izini, da amintattu 26, rabi malaman coci rabi sauran mabiya, kuma dole kowannensu ya kasance ɗan Metodis. A cikin 'yan shekarun nan ne aka kafa wasu wurare irinsa, kamar Lakeside a Ohio, Chautauqua a New York, Bay View a Michigan da Pacific Grove a California.

Ina so mai karatu ya ga kyawun abin kafin in zo ga gardamar, don kada a ɗauka wasu masu tsanani ne kawai suka killace kansu. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da mu a gida muke tsakiyar damina, garin kan cika ya batse. A tsakiyarsa akwai wani katafaren zauren katako da aka gina a 1894, wanda a farkonsa yana ɗaukar mutum kusan 10,000, yanzu kuma da aka sauya kujeru yana ɗaukar sama da 6,000. An tsara rufinsa ne yadda muryar mai wa'azi za ta kai ga na can baya tun kafin a san lasifika, kuma a gefunansa akwai manyan ƙofofi da ake buɗewa iskar teku ta ratsa. Shugabannin Amurka irin su Theodore Roosevelt da Richard Nixon sun yi jawabi a cikinsa, Billy Graham ya yi wa'azi, kuma har yau kowace Lahadi ta lokacin zafi ana gayyato mai wa'azi daga wani wuri, a wasu ranakun kuma a yi taron mawaƙan coci ɗaruruwa daga garuruwa daban-daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne tantunan da ke kewaye da zauren, guda 114, saura daga ɗaruruwan da ake kafawa a da. Kowane tanti tamfol ne a gaba, a haɗe da ɗan ɗakin katako a baya inda kicin da banɗaki suke, sai ƙaramar baranda a bakin ƙofa wadda masu ita ke ƙawatawa da tukwanen furanni da tuta da kujeru biyu ko uku. Idan bazararsu ta shigo sai a fito da tamfol ɗin daga ɗakin katakon a ɗaura, idan sanyi ya gabato a naɗe a mayar. Tantunan sun matsu da juna har wanda ya yi tari a ɗaya na kusa da shi zai ji, saboda haka dole mazauna su koyi sassauta murya da haƙuri da juna. Za ka ga tsohuwa a baranda tana karatu, jikokinta suna zagaye da kekuna, maƙwabciya ta leƙo ta miƙa mata faranti, ƙararrawa ta kaɗa kowa ya tashi ya nufi zauren ko rumfar da ke bakin teku inda ake addu'ar safe. Akwai iyalan da suka yi kaka da kakanni suna dawowa tanti ɗaya, kuma mai neman sabo yakan yi shekaru a layi. Har gobe ba a sayar da giya a cikin garin. Ni da na taso a inda maƙwabci yake da haƙƙin tsawata wa ɗan maƙwabcinsa, kuma yanzu nake zaune a ƙasar da mutum kan shekara bai san sunan na ƙofar kusa da shi ba, ba na raina wannan zama ko kaɗan, kuma na fahimci abin da ya sa masu shi suke kishinsa.

Sai dai takardar izinin 1870 da dokokin da suka biyo bayanta ba wurin ibada kaɗai suka ba ƙungiyar ba, har da ikon hukuma suka haɗa mata. Ita ke da ƙasar garin baki ɗaya, mai gida hayar fili yake yi na shekara 99 wanda ake sabuntawa, wato ginin nasa ne, ƙasar tasu ce. Ita ke yin dokokin gari, tana da 'yan sandanta, tana da kotunta. Da wannan iko ta tsare ranar Lahadi fiye da shekara ɗari. Daga sha biyun daren Asabar ake ja sarƙa a mashigun garin, ba mota ko keken doki da zai shiga ko ya fita sai sha biyun daren Lahadi, kuma ko ajiye mota a kan titi ba a yarda ba, sai dai kowa ya kai tasa garuruwan maƙwabta ya dawo a ƙafa. Ba wanka a teku, ba ciniki, kuma an daɗe jirgin ƙasa ba ya tsayawa a tashar da ke kusa ran Lahadi. Ana ba da labarin cewa ko Shugaba Ulysses Grant da ya zo ziyarar 'yar'uwarsa wata Lahadi a 1875 sai da ya bar keken dokinsa a bakin ƙofa ya ƙarasa a ƙafa, kuma mutanen garin suna alfahari da wannan labari.

A lokacin da kowa a garin ɗan ɗarika ne da ya zo da son ransa don ibada, wannan tsari bai dami kowa ba sosai. Amma gari ba ya tsayawa yadda aka kafa shi. Sannu a hankali mutane suka fara zama duk shekara, aka sami 'yan haya, tsofaffi masu ritaya, Katolika, Yahudawa da waɗanda ba ruwansu da addini, dukansu suna biyan haraji, amma ba su da ƙuri'a wajen zaɓen waɗanda ke yi musu doka, tunda amintattun su ke zaɓar junansu kuma daga coci ɗaya.

Malam Edita, zai ba ku sha'awa ku ji cewa mai rarraba jarida ne ya fara girgiza wannan tsari. Mutumin yana shiga garin da mota cikin daren Asabar don kai wa mutane jaridar Lahadi, aikin kuma yakan kai shi bayan sha biyu, sai aka hana shi. Magana ta kai Kotun Ƙolin jihar, a 1977 ta yanke cewa hanin ya taka 'yancin aikin jarida, amma ta bar ikon ƙungiyar yadda yake. Ba a jima ba wani direba mai suna Celmer, wanda 'yan sandan garin suka kama da tuƙi cikin maye kuma kotun garin ta hukunta shi, ya ɗaukaka ƙara yana cewa kotun da ƙungiyar coci ta kafa ba ta da hurumin yi masa shari'a. A 1979 Kotun Ƙolin ta ba shi gaskiya, ta ce majalisa ba ta da ikon miƙa wa ƙungiyar addini mulkin gari, domin gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana gwamnati kafa addini kamar yadda ya hana ta tauye yin sa. Daga nan sarƙar ta sauka, aikin 'yan sanda da kotu ya koma hannun ƙaramar hukumar Neptune wadda garin yake cikinta.

Babu mai cewa direban nan abin koyi ne, laifin da aka tuhume shi da shi laifi ne a ko'ina. Duk da haka ina ganin hukuncin daidai ne, kuma dalilina na addini ne kafin ya zama na doka. Mu Musulmi mun taso da karatun cewa babu tilas a cikin addini, Kiristoci ma sun san ibadar da aka yi don tsoron ɗan sanda ba ta da nauyi a wurin Mai karɓarta. Mutumin da ya kai motarsa wani gari daren Asabar don gudun tara bai girmama ranar hutun ba, kawai ya kare aljihunsa ne. Kuma abin da ya biyo bayan hukuncin ya isa shaida. Da yawa sun yi tsammanin garin ya mutu ke nan, ga shi fiye da shekara arba'in sun wuce zauren yana cika, tantunan suna da layi, ƙungiyar tana riƙe da ƙasarta da wuraren ibadarta, kuma ba kotun da ta taɓa ce mata ta sa wanda ba Kirista ba a kan mumbarinta ko ta sauya abin da take wa'azi. Ikon kama mutum da ci masa tara ne kaɗai ya kuɓuce mata.

Gardamar ba ta ƙare a nan ba, ta dawo ne ta ƙofar dukiya. A 2007 wasu mata biyu suka nemi hayar rumfar bakin tekun don bikin haɗuwarsu ta jinsi ɗaya, wadda dokar jihar ta halatta a lokacin, ƙungiyar ta ƙi saboda koyarwar cocinta. Ba na tsammanin mai karatun wannan jarida, Musulmi ko Kirista, zai yi mamakin ƙin. Abin da ya kayar da ita shi ne tun da farko ta karɓi rangwamen haraji a kan rumfar a ƙarƙashin wani shirin jiha wanda sharaɗinsa shi ne wurin ya kasance a buɗe ga kowa daidai wa daida. Jihar ta janye rangwamen, ƙungiyar kuma ta daina ba da rumfar haya don kowane irin biki, ta riƙe ta a matsayin wurin ibada. Haka kuma bayan guguwar Sandy ta lalata dogon dakalin katako na gefen teku a 2012, hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta fara ƙin ba da kuɗin gyara saboda wurin na ƙungiya ce mai zaman kanta, sai da aka kafa hujjar cewa dakalin hanyar jama'a ce kafin aka amince a 2014. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jama'ar addinin da ke son ta riƙe ikon cewa a'a a kan wurinta, ta yi hattara da kuɗin gwamnati da rangwamenta, domin kuɗin na kowa ne, har da wanda za a ce wa a'a.

Rigimar da ta fi taɓa mini zuciya ita ce ta kwanan nan. Ko bayan 1979 ƙungiyar ta ci gaba da rufe matakalan sauka bakin teku da sarƙa da kwaɗo kowace Lahadi daga tara na safe zuwa sha biyun rana, a cikin makonni goma sha biyar na lokacin zafi. A 2023 ma'aikatar kula da muhalli ta jihar ta ba ta umarnin buɗewa, tare da barazanar tarar da za ta iya kai dala 25,000 a kowace rana, bisa hujjar cewa bakin teku amanar jama'a ce a dokar New Jersey kuma izinin da aka ba ƙungiyar ya ƙunshi sharaɗin barin mutane su wuce. Ƙungiyar ta ce awa 45 ce kacal a shekara, kuma al'ada ce ta fiye da shekara 150, ga kuma bakin tekun garuruwan maƙwabta a buɗe, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. A watan Mayu na 2024 ta buɗe. Ba zan ɓoye ba, raina yana tare da tsofaffin da ke son safiya guda a mako wadda ba kiɗa ba hayaniya, su yi addu'arsu a rumfa su ji ƙarar igiyar ruwa kaɗai, kuma a ganina jami'an jihar da sun nemi sulhu da lallami kafin su ambaci tara. Amma sarƙa ba ta tambayar addinin wanda ta tare. Tana tare Bayahuden da ranar hutunsa Asabar ce, tana tare Musulmi, tana tare lebura da ba shi da wata ranar kawo 'ya'yansa sai Lahadi. Wanda ya yi imani da tsarkin ranar babu mai tura shi cikin ruwa, yana iya kame kansa ya kuma kira wasu su kame, kuma kiran da ya fito daga bakin mai aikata abin ya fi kwaɗo tasiri a zuciya.

A wani wurin kuma ina tare da ƙungiyar ɗari bisa ɗari. Da ta sake gina gadar da ke miƙewa cikin teku, wadda ita ma guguwar ta cinye, ta yi ta da siffar gicciye, da kuɗin gudummawar masu so, aka buɗe a 2023, wasu suka yi ca suna cewa ana cusa musu addini. Wannan magana ban yarda da ita ba. Gadar a buɗe take ga kowa, ba a tambayar mai hawa abin da ya yi imani da shi, kuma ganin alamar addinin wani ba tilas ba ne a kanka. Akwai masu fakewa da 'yanci alhali burinsu shi ne a kore addini daga idon jama'a gaba ɗaya, a mayar da shi abin ɓoyo a ɗaki. Duk Musulmin da ya goyi bayansu yau a kan gicciye ya sani gobe hasumiyar masallaci da hijabin 'yarsa ne za su tsone musu ido.

Misalin Bay View na Jihar Michigan ya fi wannan tsanani, domin shi maganar mallakar gida ce. Wurin hutu ne na 'yan Metodis da aka kafa a 1875 a bakin Tafkin Michigan, kusa da garin Petoskey, mai gidaje sama da 400, inda ake karatu da kaɗe-kaɗe da wa'azi lokacin zafi. A shekarun 1940 aka sa dokar cewa sai farar fata kuma Kirista zai mallaki gida, aka cire sharaɗin launin fata a 1959, na addinin ya zauna, har daga baya aka ƙara cewa mai nema ya kawo takardar shaida daga faston cocinsa. Waɗanda suka fara kuka da dokar ba baƙi ba ne, 'ya'yan wurin ne, mutanen da kakanninsu suka gina gidajen, suka auri Bayahudiya ko 'ya'yansu suka bi wata hanya, sai suka ga idan sun mutu matar ko 'ya'yan ba za su gaji gidan ba. An kaɗa ƙuri'a fiye da sau ɗaya ba a kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba, sai wasu mambobi suka kai ƙara a 2017 a ƙarƙashin dokar hana wariya wajen gidaje ta 1968. Ita wannan doka ta bar wa ƙungiyoyin addini damar keɓe wa mabiyansu gidajen da ba na kasuwanci ba, amma masu ƙarar suka nuna cewa a nan gidaje ne da ake saye da sayarwa da kuɗi masu yawa, kuma wata tsohuwar dokar jihar ta ba ƙungiyar wani yanki na ikon hukuma. A watan Agusta na 2018 mambobin da kansu suka kaɗa ƙuri'ar soke sharaɗin, a 2019 aka kammala sulhu a gaban kotu. Har yanzu ana taron ibada a can kowace Lahadi ta lokacin zafi kamar yadda aka saba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙa'ida Kiristoci kaɗai take ɗaurewa ko kuwa ba ta amfanar mai addini. A wannan jiha tamu ta New Jersey, Musulmin garin Basking Ridge sun nemi izinin gina masallaci a 2012, hukumar tsara gari ta yi zama 39 a kan maganar cikin kusan shekara huɗu, ta ɗora musu sharaɗin wurin ajiye motoci fiye da wanda ake ɗora wa coci, daga ƙarshe ta ƙi. Kotun tarayya ta ce wannan wariya ce, bisa dokar 2000 da ta hana hukumomin gari nuna bambanci ga wuraren ibada, kuma a 2017 garin ya amince a gina masallacin tare da biyan dala miliyan 3.25. Cikin waɗanda suka rubuta wa kotu suna goyon bayan Musulmin akwai hukumomin cocin Baptis na kudancin Amurka, kuma sun sha suka daga wasu mabiyansu a kan haka. Sun gane cewa hannun hukumar da aka bari ya hana masallaci yau shi ne zai hana coci a garin da Kirista ba shi da rinjaye.

Ba ina kiran Nijeriya ta kwafi Amurka ba ne. Tarihinmu daban, tsarin mulkinmu ya san kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya, gwamnatocinmu suna da hukumomin alhazai da na masu ziyarar Urushalima, kuma mutanenmu ba sa jin kunyar addininsu a bainar jama'a, abin da nake ɗauka alheri ne. 'Yan Metodis ma ba baƙinmu ba ne, tun 1842 mai wa'azinsu Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry, kuma a Jihar Taraba, daga Jalingo zuwa Zing da Bambur, akwai dubban mabiya da da Hausa suke waƙa da addu'a. Amma tambayar da Ocean Grove da Bay View suka fuskanta tana gabanmu, kuma tamu ta fi zafi don jini ya zuba a kanta. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyakar addini a cikin birni ɗaya, Jos ma tun 2001 unguwanninta suka rabu, har ya zama dillali yakan tambayi mai neman haya sunansa da addininsa kafin ya tambaye shi ko nawa zai iya biya. Kiristoci a wasu biranen Arewa sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar filin coci, Musulmi a wasu sassan Kudu suna irin wannan kuka a kan masallaci. Ana tare babban titi ran Juma'a, ana tare shi ran Lahadi, wani lokaci don tsaro na gaskiya, wani lokaci don kawai an saba, mai ɗauke da marar lafiya kuma yana tsaye yana jira. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, na 42 ya hana wariya, na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya. Tunda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, jami'in da ya danne takardar coci ko ta masallaci saboda addinin masu nema da hatimin hukuma yake yin zaluncin, kuma alhakin yana kan gwamnatin da yake wakilta.

Saboda haka nake roƙon ku, Malam Edita, ku tura wakilanku ma'aikatun filaye na Kano da Kaduna da Filato da Taraba, da na Inugu da Ribas, su nemi a nuna musu takardun neman filin wuraren ibada nawa aka karɓa cikin shekaru goma da suka wuce, nawa aka amince da su, nawa ne ke kwance a durowa da kuma dalilin kwanciyarsu. Su zauna da dillalan gidaje da masu unguwanni su ji yadda ake tace 'yan haya, su tambayi limaman Juma'a da fastoci ko za a iya tsara tsaron masu ibada ta yadda motar asibiti za ta sami hanya. Ku buga abin da suka samo ko da bai yi wa ɓangarenmu daɗi ba, ku kuma buɗe wannan shafi ga malamai da fastoci da lauyoyi da ke ganin na yi kuskure a kan sarƙar Lahadi ko a kan gadar gicciye, su kawo hujjarsu mu karanta.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka, Ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Wani mai karatunku daga Jihar New Jersey, Amurka